Shekarar da Aka Buɗe Ƙirjin Ummi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ara mini numfashi har na ga jikokina.

'Ya'yana, na san abin da kuke ji a gidajen biki da na makoki idan an zaci ba kwa saurare. Ana cewa uwarku ta tsallake mahaifiyarta tana kwance rai a hannun Allah, ta hau mota ta yi tafiyarta, ba ta ga gawarta ba. Kuna kuma ganin yadda kawunku Sale yake yi idan ya zo Yako: ya tsaya a zaure ya gaisa da babanku, ya juya, bai shigo ya sha ruwan randata ba. Kunya ta hana ku tambayata. To, gara ku ji daga bakina tun ina iya magana, don kada bayan raina kowa ya ba ku nasa.

Ummi ce autata. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta na yanka ba. Na haife ta lafiya ƙalau a ɗakina, amma tun kafin mu gama wanka na lura ba kamar sauranku take ba. Idan na sa mata nono sai ta ja kaɗan ta saki tana haki, gumi ya jiƙe mata goshi kamar wadda ta yi daka. Idan ta yi kuka mai tsawo, leɓunanta da harshenta sai su rine kamar ta sha ɗinya. An ce limoniya ce, aka yi ta allura. An ce asma ce. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, aka yi hayaƙi har ɗakina ya yi baƙi. Babanku ya karɓo rubutu wajen malaminsa, muka ba ta. Tana nan dai, ba ta mutu ba, ba ta yi ƙiba ba, sa'o'inta suna gudu ita tana rarrafe. Da ta fara tafiya kuma sai wani abu ya ɓullo: ta yi taku kaɗan sai ta tsuguna, ta rungume gwiwoyinta, ta yi shiru, can ta miƙe ta ci gaba. Ku manya har laƙabi kuka sa mata, wai sarauniyar tsuguno.

Inna, mahaifiyata, ita ce ta fara cewa abin ba na wasa ba ne. Ta zo daga Badafi ta yi mana kwanaki, tana zaune a tabarma tana kallon yarinyar tana tsallaka tsakar gida da tsugune-tsugunenta. Ta kira ta ta kama hannunta, ta dubi faratanta da suka yi duhu, kawunan yatsun sun yi ƙulu-ƙulu.

"Hauwa," in ji Inna, "takwarata ba lalaci take yi ba. Yaro ba ya ƙin wasa don ra'ayinsa. Wani abu ne yake cin ta daga ciki."

Ba a daɗe ba abin ya nuna kansa. Da kaka ne, da hantsi, muna ɓarar masara a tsakar gida. Akuya ta fizge ƙosan da ke hannun Ummi, ta fasa kuka. Ban ko ɗaga kai ba, don kukan yaro ba baƙon abu ba ne. Abin da ya sa na waiga shi ne kukan ya ɗauke tsit a tsakiya. Na gan ta bakinta a buɗe ba sauti, fuskarta ta yi baƙi ƙirin, idanunta sun juye, sai ta sulale ƙasa kamar tsumma. Na ɗauke ta na ji ba nauyin rai a jikinta. Ban san lokacin da na fita titi ba mayafi ba. Babanku ya taho da babur, na hau baya da ita a ƙirjina, duk hanya ina sa kunnena a bakinta ko zan ji numfashi, ƙarar babur ta hana ni ji.

A asibitin ƙaramar hukuma wani likita ya karɓe ta, ya naɗe ƙafafunta ya danna gwiwoyin a ƙirjinta, aka sa mata robar iska a hanci. A hankali ta ja numfashi, ta buɗe ido. Sai ya ɗora abin sauraron nan nasu a ƙirjinta. Ya daɗe yana saurare, ya matsar, ya sake saurare. Wannan daɗewar ta fi suman tsoratar da ni.

"Akwai wata ƙara a zuciyarta da bai kamata a ji ba," ya ce da babanku. "Ba a nan za a gane ba. Ku kai ta Kano a yi mata hoton zuciya. Kada ku yi jinkiri."

A babban asibiti a Kano wata likita ce ta gan mu, mace mai sanyin magana. Ta shafa wa Ummi wani mai a ƙirji, ta riƙa goga wani ɗan ƙarfe, a jikin allon na'ura kuma wani abu yana buɗewa yana rufewa. Ta ce zuciyar 'yata ce nake gani. Na kawar da kai, don ban taɓa zaton ɗan Adam zai ga wannan da idonsa ba. Ta yi mana bayani da Hausa tsantsa: zuciya ɗakuna gare ta, akwai bango tsakani, to bangon Ummi yana da rami, sannan hanyar da jini ke bi ya tafi huhu ya ɗebo iska ta matse. Shi ya sa jinin da bai sha iska ba yake zagaya jikinta, shi ne baƙin da muke gani. Tsugunon kuwa, jikinta ne ya koya wa kansa dabarar tura jini huhu.

"Likita," na ce, "wani abu na ci ko na yi lokacin da nake da cikinta?"

"Ba abin da kika yi. Haka zuciyar ta ginu tun tana ciki. Ki cire wannan a ranki."

"Akwai magani?"

"Akwai wanda zai rage suman. Amma gyara sai da aiki. Sai an buɗe ƙirjin, a toshe ramin, a buɗa hanyar."

Babanku ya tambaya idan ba a yi ba fa. Ta ce suman zai riƙa dawowa, kuma wata rana ba za ta farfaɗo ba. Ya ce idan an yi fa. Ta ce yawancin yaran suna tashi, su girma kamar kowa, amma ba za ta ɓoye mana ba, akwai waɗanda ba sa fitowa daga ɗakin aikin. Ta ƙara da cewa a lokacin ba kullum ake irin wannan aiki a ƙasar nan ba. Wasu likitoci ne suke zuwa daga waje jefi-jefi, su yi wa yara a wani asibiti can kudu. Ta ce mu koma gida mu jira kira.

Ku manya kun tuna yadda gidanmu ya koma bayan nan, ko da ba ku san dalili ba. An ce mana kuka mai tsanani, ko zazzaɓi, ko ƙishirwa, kowanne yana iya tayar da suman. Sai na zama mai gadin kukan Ummi. Wanda ya karɓe mata abin wasa ya sha faɗa, wanda ya yi ihu kusa da ita ya sha faɗa. Na daina zuwa biki, na daina zuwa kasuwar Tudun Wada. Ina tuƙa tuwo idona na kan leɓenta. Na koyi naɗe mata ƙafafu a ƙirji da zarar na ga ta fara rinewa, ina ƙirga numfashinta da salati. Ita kuma ta shaƙu da ni shaƙuwar da ta wuce misali: ko banɗaki na zaga sai ta tsuguna a bakin ƙofa tana jirana. Wajen mutum biyu kawai take yarda ta zauna, ni da Inna.

Babanku da farko bai yarda da maganar aikin ba. Ya ji an ce sai an tsayar da zuciyar, wata na'ura ta riƙe jinin har a gama.

"Hauwa, wanda zuciyarsa ta tsaya ai sunansa gawa," ya ce. "Mu kai ta da hannunmu a tsayar mata da zuciya?"

Ni ma abin da ke cina ke nan. Ya yi istihara, ya yi shawara da malaminsa. Amma abin da ya karya shi shi ne wani suma da ta yi a kan cinyarsa, ya yi ta kiran sunanta ba ta amsa ba. Da ta farfaɗo ya share fuskarsa da hannun riga ya ce duk ranar da aka kira, za mu je.

Muna cikin jira, farkon damina, aka aiko daga Badafi cewa Inna ta faɗi a bakin murhu. Hawan jini ne. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, magana ta ƙi fita sai gurnani. Ni kaɗai ce 'ya mace a wajenta, kawunku Sale ne namiji. Na ɗauki Ummi muka tare a ɗakin Inna. Ni ke juya ta, ni ke mata wanka, ni ke ɗura mata kunu da cokali. Matar Sale tana taimakawa iyakar ƙoƙarinta, amma Inna mace ce mai kunya, idan wani ya zo gyara ta ba ni ba sai ta runtse ido hawaye na zuba. Ummi kan kwanta a gefenta ta riƙa wasa da yatsunta. Haka na zauna tsakanin majinyata biyu, na dubi wannan na dubi waccan, ban san wadda za ta riga tafiya ba.

Wata safiya, ina shanya zannuwan Inna, na ji tsayuwar babur. Babanku ne. Tun daga yadda ya yi sallama na gane.

"Sun kira," ya ce. "Likitocin sun iso. Sun ce gobe mu kama hanya. Idan muka rasa wannan, ba a san ranar da za su sake dawowa ba."

Kawunku Sale yana tsaye da fartanya a kafaɗa, zai tafi gona. Ya sauke ta a hankali.

"To, Malam ya kai ta mana. Ba ubanta ba ne?"

"Yaya, ba za ta yarda ba. Idan ta waiga ba ta gan ni ba za ta yi kuka, kukan kuma shi ne ajalinta. Ba za ta kai ko Zariya ba."

"Ita kuma wadda ke kwance a ɗaki fa? Kin ga yadda take tun jiya, ko ruwa ba ya wucewa. Hauwa, 'ya'ya kina da su da yawa. Uwa fa?"

"Yaya, kada ka sa ni in zaɓa."

"Ba ni na sa ki ba. Amma ki sani, aikin nan ma ba tabbas ne da shi ba. Kina iya dawowa ba uwa ba 'ya."

Bai faɗi ƙarya ba, kuma ba don mugunta ya faɗa ba. Ina so ku riƙe wannan. Tsoro ne ya cika shi kamar yadda ya cika ni.

Na shiga ɗaki na durƙusa a gaban Inna. Na ce mata an kira mu, za a yi wa takwararta aiki, zan je in dawo. Na roƙe ta ta yafe mini. Idonta na kaina, bakinta yana motsi, ba abin da ya fito sai iska. Na yunƙura zan tashi, sai na ji an riƙe ni. Hannunta na hagu, mai lafiyar, ya damƙe bakin zanena. Mace da ko cokali ba ta iya ɗagawa, amma riƙon nan kamar na ƙarfe. Na jira ta saki, ba ta saki ba. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ba ta saki ba. Babanku yana waje, Ummi ta fara ƙananan koke-koke tana nemana. Da hannuna na ɓamɓare yatsun mahaifiyata ɗaya bayan ɗaya daga zanena. Kawunku yana bakin ƙofa, ya ga komai.

Har yau ban san me riƙon nan yake nufi ba. Ko cewa take kada in tafi, ko sallama take yi da ni, ko addu'a ce take son yi wa yarinyar harshe ya ƙi. Mutane da yawa sun fassara mini, kowa da son ransa. Ni dai ban sani ba.

Tafiyar kudu doguwa ce, ban ga komai a hanya ba sai leɓen Ummi. A asibitin muka tarar da iyaye irinmu daga ko'ina, wasu ba ma jin harshen juna, amma kowa ya dubi ɗan wani sai ya gane. Aka yi ta gwaje-gwaje. Ranar aikin aka hana ta abinci, aka sa mata wata 'yar riga mai ɗauri a baya. Sun bar ni na riƙe ta har bakin ɗakin, aka ba ta maganin barci tana hannuna don kada ta yi kuka. Na ji jikinta ya saki, daidai irin sakin da ya yi ranar masara. Wata nas ta miƙo hannu. Wallahi sai da babanku ya ce, "Hauwa, ba ta," sannan na iya.

Ƙofa ta rufe. Muka zauna a benci tun hantsi. Duk wanda ya fito da farar riga sai na miƙe tsaye. Ina ta tunanin yanzu sun tsaga, yanzu zuciyar ta tsaya, yanzu 'yata ba ta cikin masu rai ba ta cikin matattu. Na kasa haɗa ko Fatiha, sai "Ya Allah, Ya Allah" kawai. Bayan azahar wayar babanku ta yi ƙara, ya tashi ya fita da ita. Da ya dawo idanunsa sun kaɗa. Na tambaye shi, ya ce ƙaninsa ne yake tambayar jiki. Ban matsa ba, hankalina yana kan ƙofa.

La'asar sakaliya likitan ya fito, wani ya fassara mana: an toshe ramin, an buɗa hanyar, zuciyar ta tashi da kanta. Amma ya ce kada mu saki jiki tukuna, kwanakin farko su ne masu haɗari. Da aka bar ni na leƙa ta, da ƙyar na gane ta. Robobi a baki, a hanci, a ƙirji, na'urori suna ta ƙara, ga doguwar filasta tun daga ƙasan wuya. Sai nas ɗin ta kama hannuna ta nuna mini bakin yarinyar. Leɓen ja ne. Faratan ma ja. Tunda na haife ta ban taɓa ganin wannan kalar a jikinta ba, har na ji tsoro, na zaci jini ne.

Kwanakin da suka biyo baya zazzaɓi ya taso mata, aka ce ruwa ya taru, aka zuƙe. Kullum na ce babanku ya kira mini Badafi, sai ya ce layi ba ya shiga. Ranar da aka cire robobin aka dawo da ita ɗakin yara, ta sha shayi, ta dube ni ta ce a kai ta wajen Inna. Na ga babanku ya sunkuyar da kai. Na ja shi gefe.

"Malam, dube ni. An yi jana'iza?"

Ya ce, "An yi. Ranar da aka shiga da Ummi. Wayar nan da na fita da ita."

Na waiga, Ummi tana kallona daga kan gado. Ɗinkin ƙirjinta ɗanye ne, idan na yi kuka za ta yi. Na haɗiye. Na koma na zauna na ci gaba da ba ta shayi. Kukan mutuwar mahaifiyata a banɗakin asibiti na yi shi, na toshe bakina da mayafi.

Da aka sallame mu ban sauka a Yako ba, Badafi muka wuce. An daɗe da tashi daga zaman makoki, dawa har ta yi kai. Mun gaya wa Ummi a hanya cewa Inna ta tafi wajen Allah, amma yarinya ce, ba ta gane ba. Ana sauke ta a ƙofar gida sai ta zame daga hannuna ta ruga. Ta ruga, 'ya'yana, tun daga zaure har ɗakin Inna, ba ta tsuguna ba ko sau ɗaya. Ta ɗaga labule tana kiran takwara ta zo ta ga ƙirjinta. Ɗakin an share, an naɗe katifa.

Kawunku ya fito ya tsaya yana kallonta. Ya ɗauke ta, ya dubi bakinta, ya dubi tabon, hawaye ya zubo masa har gemu.

"Allah ya raya ki," ya ce da ita. Sannan ya juyo gare ni. "Ke kuma, har Inna ta cika idonta yana kan ƙofar ɗakin nan."

Daga ranar bai sake yi mini wata doguwar magana ba. Ummi kuwa yana ƙaunarta kamar ransa. Shi babanku ya wakilta ya yi mata walicci da aurenta. Don haka kada wanda ya ƙullace shi saboda ni. Shi ya ga abin da ban gani ba, ni ma na ga abin da bai gani ba. Ku riƙa zuwa kuna gaishe shi.

Tsoron kuma bai ƙare da aikin ba. An ce mana zuciyar da aka gyara sai an riƙa duba ta har tsufa, kuma mun riƙa kai ta Kano ba fashi. Ko haƙori za a cire mata sai an gaya wa likitan zuciya. Yanzu ga ta da ciki wata bakwai. Likitoci sun ce ba za ta haihu a gida ba, sai a babban asibiti, kuma za su duba zuciyar jaririn. Na riga na haɗa jakata. Ni ma kwanan nan an ce jinina ya hau, ƙafata ta hagu tana mini nauyi da safe.

Saboda haka ku saurara, ke Ummi musamman. Idan Allah ya kwantar da ni, harshena ya ɗaure, sannan ɗayanku ya sami ɗansa a bakin halaka a wani gari, kada ya tsaya karanta idona. Ga maganata tun bakina yana nan daidai, kuma ku duka shaidu ne: ya tashi ya tafi. Na yafe.